Urushi na Japan da kwaikwayonsa na Turai

Urushi ƙaro ne da ake tatsa daga jikin wata bishiya a Sin da Japan da Koriya. Ana shafa shi a kan katako siriri-siriri, wani lokaci sau gommai, kowace shafa sai ta bushe a ɗaki mai laima, a goge ta da gawayi, sannan a ƙara wata. Ɗanyensa yana sa ƙaiƙayi mai tsanani, amma in ya kama, ruwan zafi ma ba ya cin sa.

A ƙarni na 17 jiragen Holan suka riƙa kawo akwatunan da aka shafa wa urushi Turai, masu kuɗi suka yi ta rububinsu. Bishiyar babu ita a can, sai masassaƙa suka narka shelak, wani ƙaro da ƙwari ke fitarwa, da barasa suka yi nasu, suka kira shi japanin. A 1688 har littafin koyar da shi aka buga a Ingila. Daga baya a Pontypool ta Wales aka riƙa gasa wani nau'insa a kan farantan ƙarfe.

Na Turai ya fi saurin yi da araha, kuma yana karɓar fari da shuɗi, alhali urushi yawanci baƙi ne ko ja. Ni dai na Asiya nake fifitawa, don japanin da ya tsufa yakan tsattsage ya ɓare, barasa kaɗan kuma tana iya narka shi.