Dahab ko Zanzibar: ina ɗan koyon nutso zai fara?

Basakkwacen da ruwansa bai wuce gulbin Rima ba, in yana son nutso da tukunyar iska ya ga murjani da idonsa, wurare biyu zan ba shi shawara: Dahab a Masar, ko Zanzibar a Tanzaniya. Duka garuruwan Musulmi ne, abinci da masallaci ba sa wuya.

Ni Dahab na fi so. A wurin da ake kira Lighthouse, daga bakin gaɓa kake takawa cikin Bahar Maliya, ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙirji, malami na gefenka. Ka durƙusa kan yashi ka koyi fitar da ruwa daga gilashin fuska ba tare da fargaba ba. Gishirin tekun ya kai kusan giram 40 a lita, shi ya sa ake ƙara maka dalma a ƙugu don ka nutse. Lokacin hunturu ruwan kan sauka wajen digiri 21. Blue Hole kuwa, wani rami a cikin teku kusa da Dahab mai zurfin fiye da mita 100, ba ta ɗan koyo ba ce.

Zanzibar ta fi ɗumi, kuma a kusa da tsibirin Mnemba akan ci karo da kunkurun ruwa. Sai dai jirgin ruwa ne zai kai ka. Mai saurin jiri ya shirya. Daga Maris zuwa Mayu damina ce.

Ko'ina ka zaɓa, gwajin farko ba ya wuce zurfin mita 12, mai takardar shaidar farko ta PADI (ƙungiyar horar da masu nutso) kuma 18. Bayan nutson ƙarshe, bari awa 24 kafin ka hau jirgin sama.