Hoton kaka ko tsohuwar wasiƙa?

Tambayi dattijo a Sakkwato tarihin gidansu, hoto zai fara zaro maka: kaka da rawani, an ɗauka zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Fuska da sutura duk ga su nan, amma in ba a rubuta suna a bayansa ba, jikoki sai gardama.

Ni wasiƙa ta fi burge ni, irin waɗanda ke ajiye a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu. Da Larabci aka rubuta su, da hatimin mai aikowa, wasu tun kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903. Tana faɗin wanda ya aiko da abin da yake so. Sai dai yawanci babu kwanan wata, kuma sai ka nemo malami ya karanta maka.