Bindigar ɗuri don farautar barewa a Amurka: wane albarushi, wane harsashi?

A yawancin jihohin Amurka ana ware wa masu bindigar ɗuri ta baka lokacinsu na farautar barewa, dabam da na masu bindigar zamani. Shi ya sa kamfanoni irin su CVA da Traditions da Knight suke ƙera ta har gobe, shi ya sa kuma wanda ya shiga kantin kayan farauta a can zai tarar da kwalaben albarushi da fakitocin harsashi jere, kowa yana yabon nasa. Tushenta ɗaya da adakar maharbanmu: a zuba albarushi ta baki, a bi shi da harsashi, a danna da sanda, in an harba sai an sake ɗuri. Inda suka rabu shi ne ta Amurka an yanka wa cikin bututunta murɗaɗɗun layuka masu juya harsashi, kuma an ƙera ƙarfenta don ya jure ɗuri mai nauyi. Saboda haka awon da zan ambata nata ne ita kaɗai. Kada kowa ya gwada shi a bindigar da maƙeri ya haɗa a gida.

Kafin ka taɓa aljihu, karanta dokar jihar da za ka yi farautar, domin ita ce za ta fara rage maka zaɓi. A Kolorado, a lokacin masu bindigar ɗuri, an hana harsashi mai rigar roba (wanda ake zurawa cikin ɗan kwanson roba), an hana albarushin da aka dunƙule ƙwaya-ƙwaya, an hana ɗora madubin saiti. Fensilbaniya tana da lokacin farauta na bayan Kirsimeti da aka keɓe wa tsohuwar bindiga mai tashi da dutsen ƙanƙara. Kalifoniya kuwa ta haramta farauta da harsashin dalma tun watan Yuli na 2019. Dokokin nan suna sauyawa, don haka na bana za ka duba.

Sai bindigar kanta. Tun da Tony Knight ya fito da MK-85 a 1985, wadda wutarta ke shiga albarushi kai tsaye ta baya, irin wannan ƙira ta mamaye kasuwa. Yawancinsu masu faɗin baki .50 ne, wato rabin inci, kuma suna tashi da 'yar hular wuta, wato ɗan abin da ke kunna albarushi, mai lamba 209. Amma lambar da ta fi dacewa ka nema a jikin kwali ita ce ta murɗar layukan bututu. Idan ka ga 1:28, harsashi yana kammala juyi ɗaya cikin inci 28 ke nan, kuma wannan murɗa mai sauri ita dogon harsashi yake so. Mai 1:66 ta harsashin ƙwallo ce. Mai 1:48, irin ta tsohuwar Hawken ta Thompson/Center, tana tsakiya, tana ɗaukar ƙwallo da guntun harsashin dalma daidai gwargwado. Wanda ya saka dogon harsashi a bututu mai murɗar 1:66 zai ga yana isa allo a karkace, ya yi ta zagin albarushi alhali ba laifinsa ba ne.

Harsashi iri uku ne a taƙaice. Ƙwallon dalma da ake naɗewa da ƙyalle mai maiƙo shi ne mafi araha, nauyinsa wajen giren 177 a bindiga .50 (giren ƙaramin ma'aunin nauyi ne na harsashi da albarushi), yana kuma kashe barewa sarai a kusa, sai dai yana saurin rasa ƙarfi, iska kuma tana ture shi. Na biyu shi ne mai cika bututu, irin su Great Plains na Hornady mai giren 385, ko PowerBelt mai ɗan siket na roba a gindi. PowerBelt yana da daɗin ɗuri, da ɗan dannawa ya sauka, kuma irin waɗannan ne mafita a jihar da ta hana rigar roba. Ƙorafin da maharba suka fi yi a kan masu sauƙin nauyinsa shi ne in an kora su da ɗuri mai ƙarfi sukan tarwatse a kafaɗa maimakon su ratsa. Wanda zai yi aiki da shi, ni dai ina ganin ya ɗauki mai giren 295 ko sama, ya kuma sassauta albarushi.

Na uku, wanda nake ba shawara duk inda doka ta yarda, shi ne harsashi mai faɗin .45 da aka zura cikin rigar roba. Robar ce ke kama layukan bututu, da zarar ya fita baki sai ta faɗi. SST na Hornady mai giren 250 ko 300 da T-EZ na Barnes, wanda jan ƙarfe ne zalla, suna cikin waɗanda aka fi sani. A nan akwai abin da sababbin shiga ba sa lura da shi: bututun kamfanoni ba daidai suke ba ƙwarai, ko da duka an rubuta musu .50. Rigar da ta matse a wata bindiga sai ta yi sako-sako a wata. Wadda ta dace ita ce mai sauka da dannawa mai ƙarfi amma bai-ɗaya, ba ta zurmawa da kanta, ba ta kuma sa ka jingina da bishiya kana nishi. Kamfanonin Harvester da MMP suna sayar da rigunan su kaɗai, masu kauri dabam-dabam, kuma sau tari canza rigar kawai yana gyara bindigar da mai ita ya fara tunanin sayarwa.

Albarushi kuma a nan ne gardama take. Baƙin albarushi na asali, irin su Goex da Swiss, shi ya fi saurin kama wuta, kuma bindiga mai ƙanƙara da shi take aiki yadda ya kamata. Mai .50 yakan ɗauki mai alamar FFg, alamar da ke nuna girman ƙwayoyin garin. Illarsa dauɗa da tsatsa, in ka kwana ba ka wanke ba za ka gani. Pyrodex, wanda Hodgdon ya fara sayarwa a 1976, yana da araha da sauƙin samu, amma shi ma yana cin ƙarfe. Triple Seven ya fi su ƙarfi, har kamfanin yana cewa a rage kashi 15 cikin ɗari na awo in ana son daidai da baƙin albarushi. Matsalarsa wata busasshiyar dauɗa ce da yake bari a gindin bututu, daidai inda harsashi ke zama, wadda ke hana ɗuri na biyu sauka har ƙasa sai an goge. Blackhorn 209 ya fi su tsabta, ana iya harbi da yawa ba tare da goge bututu ba, gudun harsashinsa kuma bai cika bambanta ba daga harbi zuwa harbi. Yana da tsada, wani lokaci ya yi wuyar samu, yana buƙatar hula 209 mai zafi da murfin gindi da ya dace da shi, kuma iyakarsa awon giren 120. Duk waɗannan da mazubin awo ake auna su, yawan da ya cika mazubi ake nufi da giren ɗin, ba nauyin sikeli ba.

Akwai kuma na dunƙule, ƙwaya ɗaya giren 50, ka jefa biyu ka samu 100. A cikin sanyi, hannu yana rawa, wannan sauƙi ne na gaske, ban raina shi ba. Amma ya ɗaure ka: in bindigarka ta fi son 90, da ƙwayar giren 50 ba ka da hanyar ba ta. Ƙwaya uku kuwa, giren 150 da ake tallatawa a matsayin ɗurin gwanaye, a ganina yawanci ɓarnar kuɗi ce. Dukan kafaɗa yana ƙaruwa, robar harsashi tana iya lalacewa, maharbi kuma ya fara runtse ido kafin ya ja kunama. Barewar da harsashi mai giren 250 ya ratsa wa huhu da ɗuri 100 ba ta yin nisa.

Gwaji a filin harbi shi ke raba gardamar, domin kowace bindiga da ɗurin da take so. Ka kafa allo a yadi 50, ka ɗora bindiga a kan buhun yashi, ka fara da garin albarushi awo 80. Harbi uku, sannan ka ƙara 10, ka sake uku, har zuwa iyakar da littafin bindigarka ya yarda. Za ka ga ramukan suna matsowa kusa da juna, daga baya su fara watsewa. Inda suka fi haɗuwa, nan ne ɗurinka, kuma sau da yawa tsakanin 90 da 110 yake faɗawa. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Ka riƙa goge bututu iri ɗaya tsakanin harbi, ka danna harsashi da ƙarfi iri ɗaya, ka bar bututu ya huce, don zafi yana tausasa roba. Daga nan ka koma yadi 100. Wurin kisa a ƙirjin barewa bai wuce faɗin faifai ba, kuma nisan da kake iya zuba duk harsasanka a cikinsa, a zaune ko a durƙushe yadda za ka yi a daji, shi ne iyakarka. Dabbar da aka ji wa rauni ta tsere cikin daji tana wahala ba gaira ba dalili, kuma nauyinta yana wuyan mai harbin.

Ka kuma lura da inda harbin farko daga wankakken bututu mai sanyi yake sauka, tunda shi za ka yi wa barewa. A wasu bindigogin yana kaucewa daga sauran, to a kansa za ka daidaita saiti.

Da ka tsayar da ɗurinka, ka zura sanda a kan cikakken ɗuri ka yi mata alama daidai bakin bututu. In wata rana alamar ta tsaya sama, ko dai an yi ɗuri biyu ko harsashi bai zauna a kan albarushi ba, kuma kowanne yana iya fasa bindiga. Kada ka zuba albarushi daga kwalba kai tsaye cikin bututu, sai ta mazubi. Albarushin harsashin zamani mara hayaƙi kuwa, ko kaɗan kada ya shiga wannan bindiga.