Kallon Damben Tailan a Rajadamnern da Neman Gidan Horo a Bankok: Abin da Na Gani

Duk wanda ya je Bankok da niyyar koyon Muay Thai, wato damben Tailan, shawarata ita ce kada ya biya ko sisi a gidan horo sai ya fara zuwa ya kalli wasa na gaske, mai turmi biyar, a filin da 'yan ƙasa ke zuwa. Bidiyon da muke gani a waya guntaye ne, an tsinto wurin da jini ya zuba ko wurin da wani ya kife. Wanda ya tsaya a nan zai ɗauka ƙarfi da zafin rai ne kawai abin nema, kuma da wannan tunanin zai je ya zaɓi malami. A filin wasa ne na fahimci abin da mutanen Tailan suke girmamawa a wurin ɗan dambe, kuma da shi na auna gidajen horon da na shiga daga baya.

Harkar tufafi ce ta kai ni, don haka a unguwar Pratunam na sauka, inda 'yan kasuwarmu da yawa ke sauka. Daga nan hanya mafi sauƙi zuwa filin Rajadamnern ita ce jirgin ruwan haya da ke bin magudanar Saen Saep. Za ka sauka a tashar ƙarshe, Phan Fa, ka ɗan taka da ƙafa. Ruwan ba shi da daɗin wari, amma ka tsallake cunkoson motocin yamma, wanda a Bankok ba wasa ba ne. Jirgin yana tashi daga aiki da wuri, saboda haka a tasi za ka dawo.

An buɗe Rajadamnern a watan Disambar 1945, shi ne mafi tsufa cikin manyan filayen wannan dambe. Takwaransa Lumpinee, wanda ke hannun rundunar sojin ƙasar, an buɗe shi a 1956, sannan a 2014 aka tashe shi daga tsakiyar gari zuwa titin Ram Intra, can arewacin birni. Ɗan damben da ya riƙe kambun ɗaya daga cikin waɗannan filaye biyu ya gama yin suna a ƙasarsu. Amma yanzu tsarin ya kasu kashi biyu, kuma dole baƙo ya san wannan kafin ya sayi tikiti. Akwai wasannin zamani da aka tsara don talabijin da masu yawon buɗe ido, kamar RWS na daren Asabar a Rajadamnern, da na kamfanin ONE da ake yi a Lumpinee kowace Juma'a tun 2023. Waɗannan turmi uku ne, a na ONE ma da ƙananan safar hannu ake yi, kuma ana ba da tukuici mai tsoka ga wanda ya ƙayatar, don haka tun daga ƙararrawar farko ake rufe juna da duka. Sai kuma na gargajiya, turmi biyar, kowane turmi minti uku da hutun minti biyu a tsakani. Lokacin da nake can, a tsakiyar mako ake samun irin wannan a Rajadamnern. Na kalli duka biyun. Na daren Asabar ya fi haske da kiɗa da hayaniya, kuma idan da iyali ka je shi ya fi dacewa. Amma na tsakiyar mako shi ne ya zauna mini a rai.

A shafin filin na sayi tikiti. Kuɗin baƙo a lokacin ya fara daga wajen baht 1,500 (baht shi ne kuɗin ƙasar), ya haura sosai idan kana son kujerar bakin igiya. Ban ga amfanin ta bakin igiyar ba ga mai son ya fahimci wasa: daga ƙasa kake kallo, alƙalin wasa da ginshiƙin kwana suna tare maka rabin abin. Kujerun tsakiya, waɗanda suka ɗan ɗaga sama, su ne suka fi. Daga nan kana ganin ƙafafun 'yan dambe, kana kuma ganin ɓangaren 'yan caca.

Kafin a fara, kowane ɗan dambe zai shigo da wani zagayayyen naɗi a kansa da suke kira mongkhon, da ɗaurin dantse. Zai zaga dandalin yana shafa igiya, ya durƙusa, sannan ya yi wata rawa a hankali da suke kira wai khru, ta girmama malaminsa da iyayensa. A gefe kuma makaɗa ne zaune: mai busa wata irin algaita, masu ganguna biyu, da mai kaɗa 'yan ƙananan farantan tagulla. Ba sa tsayawa har a gama turmi, kuma duk lokacin da faɗa ya yi zafi su ma sai su ƙara sauri. Wanda ya taɓa zama a gidan dambe a Kano ko Sakkwato, ya ga yadda kalangu da kirari ke tsuma ɗan dambe kafin ya shiga fili, ba zai ji baƙunta ba ko kaɗan. Jikina ya gane abin tun kafin kaina ya gane.

Turmin farko da na biyu kusan a natse suke wucewa. Kowa na ɗanɗana ɗan'uwansa, shuri ɗaya nan, tokari da tafin ƙafa can. Wasu Turawa a bayana har sun fara ƙorafi. A turmi na uku ne wuta ke kamawa, na huɗu kuma a nan ake raba gardama. Abin da ya ba ni mamaki shi ne naushi ba shi da daraja sosai a wurinsu idan bai girgiza mutum ba. Abin da ke tayar da jama'a tsaye shi ne ƙwauri ya sauka a haƙarƙari, ko gwiwa ta shiga ciki lokacin da aka sarƙe wuya, ko a share ƙafar mutum ya zube alhali wanda ya kayar da shi yana tsaye ƙyam. Kowace gwiwa ta shiga sai ka ji filin gaba ɗaya ya amsa da murya ɗaya. Na ga wani yaro siriri da ba zai wuce shekara ashirin ba, abokin karawarsa ya fi shi ƙira, ya yi ta bin sa da naushi kamar zai cinye shi. Yaron bai taɓa sauya fuska ba. Ya ɗaga ƙwauri ya tare, ya rama da shuri a ciki, ya koma ya tsaya daidai inda yake. Da aka shiga turmi na biyar sai ya ja da baya yana zagaye, ɗayan ma ya sassauta, suka taɓa safar hannu tun ƙararrawa ba ta kaɗa ba. Wanda ke kusa da ni, wani dattijo ɗan ƙasa mai ɗan Turanci, ya ce mini an riga an san wanda ya ci, to don me za a ji wa juna ciwo alhali kowa zai sake hawa dandali wata mai zuwa don ya ciyar da gidansu? Yawancin yaran nan daga Isan suke, yankin arewa maso gabas mai fama da talauci, kuma tun suna ƙanana suke dambe a bukukuwan ƙauye. Sunan gidan horonsu ma shi suke ɗauka a matsayin sunan mahaifi a fagen wasa.

Ba zan ɓoye abin da bai yi mini daɗi ba. Caca ce ke riƙe da wasan gargajiya, a fili ake yin ta da alamun yatsu, kuma hayaniyar da ta fi ƙarfi daga wannan ɓangaren take fitowa. Ana kuma sayar da giya. Ni dai na zauna nesa da su, ban sa hannu a komai ba, kuma babu wanda ya matsa mini. Abincin da ake sayarwa a ciki ban yarda da shi ba, don naman alade ya yi yawa a girkinsu, saboda haka na ci nawa a Pratunam kafin in fito. Wanda kuɗinsa bai kai ba, akwai ɗakin wasa na tashar talabijin ta 7 kusa da kasuwar Chatuchak, ranar Lahadi da rana. Cunkoso ne sosai, amma 'yan damben da ake kawowa manya ne.

Da wannan idon na fita neman wurin koyo. Sunayen da kowa ya sani su ne Fairtex a Pattaya, da Tiger Muay Thai a Phuket, da Petchyindee a nan Bankok. Harkar kasuwa ba ta bar ni na bar gari ba, kuma na fi son wurin da zan iya zuwa da sassafe in dawo kafin shaguna su buɗe, don haka ƙananan gidajen da ke cikin birni na bi. Kusan kowanne yana karɓar kuɗin zama ɗaya, tsakanin baht 400 zuwa 600 a wuraren da na shiga, kuma wannan dama ce babba: ka gwada kafin ka ɗaure kanka da kuɗin wata.

Wani gida da na shiga a yankin Sukhumvit ya fi kowanne kyau a hoto. Na'urar sanyaya ɗaki, madubai, tawul mai ƙamshi, kanti cike da gajerun wanduna masu sheƙi. Mun haura ashirin a aji, masu riƙe matashin duka kuwa ba su kai biyar ba. Wanda ya riƙe mini yana kallon agogo, duk abin da na jefa sai ya yi ihu yana yabo, ko da ƙafata ta karkace. Na fita jiƙe da gumi, zuciya na bugawa, amma babu wanda ya gaya mini inda zan sa nauyin jikina. Motsa jiki ne mai kyau, kuma ga mai son rage tumbi ya isa. Ba shi na zo nema ba.

Wanda na zauna a cikinsa yana can wajen Ramkhamhaeng, a cikin wani lungu. Rumfar kwano ce babu bango, dandali ɗaya, buhunan duka da suka sha jiki, tsofaffin tayoyin mota da ake tsalle a kai, fanka biyu. Ƙamshin man zafin nan rawaya da suke shafawa, Namman Muay, shi ke fara tarar ka tun daga bakin ƙofa. Akwai yara 'yan dambe da ke kwana a gidan, kuma wannan ita ce alama ta farko da zan ce a duba: gidan da ke da 'yan wasan da suke hawa dandali da gaske, malamansa ba sa wasa da gyara. Malamin da aka haɗa ni da shi, kru suke ce wa malami, mutum ne da ya haura hamsin, girarsa duk tabon gwiwar hannu. Zaman farko bai bar ni na yi shuri ko ɗaya ba. Tsayuwa kawai, da taku gaba da baya, da ɗaga ƙwauri. Da na ɗaga ƙafa sai ya tura ni da yatsa biyu a kafaɗa, in na yi tangaɗi ya girgiza kai mu sake. Kalmar da ya fi maimaita mini ita ce sabai, yana nuna kafaɗuna da suka ƙage, yana nufin in saki jiki. A nan na ga daga inda natsuwar yaron nan na Rajadamnern ta fito. Ba halinsa ba ne kawai, koya masa aka yi, da irin wannan turin na yatsa biyu, shekara da shekaru.

Tsarin zaman kusan ɗaya ne kullum: tsallen igiya mai nauyi, naɗe hannu, dambe da iska a gaban kru, turmi uku zuwa biyar a kan matashin duka, buhu, sannan sarƙe wuya. Wannan na ƙarshen ya fi komai wuya. Yaro ɗan shekara goma sha shida da bai kai kafaɗata ba yana juya ni yadda ya so, ba tare da ya ji mini ciwo ba, kuma kru na tsaye yana lura kada wani ya wuce gona da iri. 'Yan gida sau biyu suke yi a rana, safe da la'asar, kwana shida a mako, da gudu kafin kowane zama. Sabon shiga ya tsaya a sau ɗaya. Ƙwaurinka zai kumbura a makon farko, wannan babu makawa, ƙanƙara da haƙuri ne maganinsa.

Abu biyu na faɗa wa kru tun ranar farko, kuma ina ganin duk Musulmi ya kamata ya faɗa da bakinsa: ba zan durƙusa in kai goshi ƙasa don girmama kowa ba, kuma zan sa dogon wando matsattse a ƙarƙashin gajeren nasu, don nasu bai rufe cinya ba. Ko a jikinsa. Ya ce ya horar da yara Musulmi daga kudancin ƙasar, ya san wannan. Unguwar ma akwai Musulmi da yawa, masallatai da shagunan abincin halal suna kusa, shinkafa da kaza mai kurkum da suke kira khao mok ita ce abincina bayan horo. Na kuma ga mata biyu suna horo a gidan, ɗaya da ɗankwalinta.

Gidan yana da nasa naƙasun. Banɗaki ɗaya ne ga kowa, kuma tsabtarsa sai a hankali. Safar hannun aro ta jiƙe da gumin mutane, don haka ka sayi taka. Safar hannun kamfanonin Twins da Fairtex da Top King duk a ƙasar ake yin su, sun fi araha a can, ka haɗa da bandejin hannu da robar kare haƙora. Ka yi wanka da sabulu nan take bayan sarƙe wuya, saboda makero da ƙuraje suna yawo a irin waɗannan wurare. Turancin malaman kaɗan ne, yawancin koyarwar da hannu da nuni ake yi, wanda ke son dogon bayani zai takura. Sannan zafi: babu bango babu na'ura, kuma zafin Bankok mai ɗanshi ne, gumi ba ya bushewa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi sauƙi, Afrilu kuwa ya fi kowane wata tsanani. Mai niyyar dogon zama ya sani cewa tun Yulin 2024 Tailan ta fito da bizar DTV, wadda koyon Muay Thai na cikin dalilan da ake ba da ita, amma sai ka nuna baht 500,000 a asusunka da takardar karɓa daga gidan horo. Ƙananan gidaje irin nawa ba duka ke da rajistar da za su ba ka wannan takarda ba, don haka ka tambaya tun kafin ka biya kuɗin wata.