Na zagaya Villa Medici, makarantar masu zanen Faransa a birnin Rum

Wanda ya hau tudun Pincio da niyyar ganin fada mai ƙyalƙyali, fuskar Villa Medici ta bakin titi ba za ta burge shi ba. Adon yana ta baya, wajen lambu. Ni ta hannun wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido na shiga, cikin ayarin masu jin Faransanci, kuma abin da na biya wa kuɗi shi ne bakin jagora. A nan kam kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Tun daga ƙofa matar da ke mana jagora ta ce mu cire batun fada daga ranmu, mu kalli wurin a matsayin makarantar kwana. Sarkin Faransa Louis na 14 da ministansa Colbert ne suka kafa ta a 1666, Napoleon kuma ya dawo da ita wannan gida a 1803. Dokar farko ta tanadi samari 12: masu zane 6, masu sassaƙa 4, masu tsara gini 2. Ƙarfe 5 na asuba ake tashi lokacin zafi, 6 lokacin sanyi, a yi addu'a, a kama aiki. Ga darasin lissafi, ga na sanin gaɓoɓin jikin mutum, abinci kuma tebur ɗaya. Sarki ke ciyar da su, don haka kwafin tsoffin mutum-mutumin Rumawa da suke wuni suna yi, nasa ne. A ƙarni na 19, kowace shekara sai ɗalibi ya aika aikinsa Paris, manya su zauna su yi masa tankaɗe da rairaya. Mai aure kuwa ba ya cikin lissafi.

Samun gurbin ma ba wasa ba ne. Sai an ci gasar da ake kira Prix de Rome. Masu neman kyautar a fannin zane, a da kulle su ake yi kowa a ɗan ɗakinsa har kwana 72 su zana abin da aka ba su. Mai zane Jacques-Louis David sau uku yana faɗuwa kafin ya ci a 1774. Wani kuma ya ci amma zaman ya gundure shi, kamar mai kiɗan nan Debussy da ya yi nasara a 1884, ya tattara ya koma Paris wa'adinsa bai cika ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mata: sai 1903 aka bar su su shiga gasar, sai 1911 Lucienne Heuvelmans ta zama ta farko da ta ci, a sassaƙa.

Inda na so a bar ni in daɗe shi ne ɗakin kwafin filasta. Akwai kwafin ɓangarorin ginshiƙin Sarkin Rumawa Trajan, wanda na ainihinsa a cikin gari sai ka ɗaga kai har wuya ya yi ciwo ba ka ga komai ba. A nan ga sojojin daidai idonka, kana ganin madaurin takalmi da ƙullin garkuwa. Sai ka gane me yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai yake koya in ya zauna gaban abu guda wata da watanni. To, a daidai nan aka ce mu yi sauri, wai wani ayari na jiran jagorar.

Laifin kamfanin ke nan, kuma ba shi kaɗai ba. Tallarsu ta ambaci Palazzo Mancini, inda makarantar ta zauna daga 1725, ashe daga tsallaken titi za a nuna mana shi da yatsa. Na'urar kunnen da suka raba ita ma sai katsewa take yi.

An soke gasar a 1968, amma har yau akwai masu fasaha da ke zaune a gidan, shi ya sa wasu sassan a rufe suke. Mai zuwa ya sa takalmi mara tsini don lambun duk tsakuwa ne, ya sauka a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Spagna, kuma kafin ya biya ya tambayi kamfanin minti nawa ake yi a ɗakin filasta.