Saƙo daga Greensboro kan baƙin mai da tayoyi

Yaya, ina gaisuwa, a gaida Inna da yara. Ka ce in aiko maka da galan ɗin baƙin mai don Corolla ɗinka, wai na Amurka ya fi. Ba rowa ba ce, amma man nan ba na motarka ba ne.

Abin da ya cika kantuna a nan 0W-20 ne da 5W-30, mai tsinkakke kamar ruwa. Lambar farko tana nuna yadda yake gudu cikin sanyi, ta biyu kuma kaurinsa idan inji ya ɗau zafi. An yi shi ne don sababbin injuna da ƙasar da ruwa ke daskarewa da hunturu. Taka kuwa ta sha hanya tun kafin ta sauka Kwatano, inji ya saki, ga zafin Maradi da ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Ka zuba mata tsinkakken mai, sai shan mai da hayaƙi. Ka duba littafinta in yana nan, amma 15W-40 ko 20W-50 da ake samu a gidajen mai na gida sun fi dacewa da ita. Akwai dai wani mai da suke yi don motar da ta wuce kilomita 120,000, yana ɗan kumbura robobin inji don rage yoyo, sai dai bai kai a biya masa kuɗin jirgi ba.

Inda suka fi mu shi ne galan a rufe yake zuwa, ba mai ɗibar maka daga duro a kwalba. Duk bidanj, wato canjin baƙin mai, sai an canza filta, a manna maka takarda a gilas da adadin mil ɗin da za ka dawo. Kuɗin aiki fa a awa ake lissafa shi, kuma ba sa gyara, cirewa suke su sa sabo. Makanikenmu da ke tada matacciyar mota da waya da guduma, a nan da ya yi arziki.

Abin da nake so ka kwaikwaya kusan kyauta ne: sauya wa tayoyi wuri. Corolla da ƙafafun gaba take ja, su ne kuma ke juyawa da ɗaukar nauyin inji, shi ya sa suke riga na baya cinyewa. Duk kilomita 8,000 zuwa 10,000, na gaba su koma baya a ɓangarensu, na baya su zo gaba a gicciye, ta hagu ta koma dama. In tayar na da kibiya a jiki, kada a gicciya. Kowane mai faci zai yi maka wannan da jak. Mu sai taya ta fashe a hanyar Dan Isa muke tunawa da ita. A jihar nan ta North Carolina kuwa duk shekara ake duba mota, in zanen taya bai kai milimita 1.6 ba, ba za ka sabunta lamba ba.

Sai tayoyin gwanjo. A gefen kowace akwai rubutun DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Roba na bushewa ko da zane bai goge ba, kwaltarmu kuma da rana ba ta da sauƙi. Ka ɗauki hoton lambobin tayoyinka huɗu har da safaya, ka turo min ta WhatsApp in duba.