Gargaɗi Kan Jabun Tsabar Azurfar Sarauniya Biktoriya

Ina jan hankalin masu tara tsofaffin kuɗaɗen azurfa na Ingila game da wani mutum da ke tallata haja a zaurukan Facebook da WhatsApp, yana iƙirarin cewa ya gaji tsabar da ake kira Gothic Crown daga kakansa wanda ya yi wa wani Bature aiki a zamanin mulkin mallaka. Wani aminina ya biya shi kuɗi, kuma abin da ya iso hannunsa jabu ne.

Wannan tsaba ba ƙaramar kadara ba ce. An buga ta a 1847, William Wyon ne ya zana hoton sarauniyar sanye da kambi, kuma kimanin guda 8,000 kacal aka yi, bugu na musamman wanda ake goge ƙarfen bugawa sosai har fuskar tsabar ta riƙa ƙyalli kamar madubi. A gidajen gwanjo na Landan irin su Spink, dubban fam ake biya kafin a mallaki mai kyau, saboda haka duk wanda ya ce zai ba ka ita a farashin wayar hannu, to da walakin goro a miya.

Mun kai tsabar da aminina ya saya wurin wani maƙerin azurfa, ya ɗora ta a sikeli. Ta gaske tana da nauyin giram 28.28, kuma kashi 92.5 cikin 100 nata azurfa ce, amma tamu ko giram 26 ba ta kai ba. Da ya ƙwanƙwasa ta a hankali, amon ya mutu nan take maimakon ya ja kamar na ƙararrawa. A gefenta kuwa, inda ya kamata rubutun Latin mai ƙarewa da UNDECIMO ya fito sarai, haruffan duk sun dagule.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne akwatin roba da mai sayarwar ya saka ta ciki, mai ɗauke da tambarin NGC, kamfanin Amurka da ke tantance tsabar kuɗi, domin shi ne ya kwantar wa aminina da hankali. Da muka shigar da lambar shaidar da ke jikin akwatin a shafin kamfanin, hoton wata tsaba dabam ce ya fito, ashe har akwatin ma kwaikwayo ne.

Mutumin ya sauya sunan shafinsa, amma hotunan da labarin kakan suna nan yadda suke. Idan ya tuntuɓe ku, ku nemi lambar shaidar ku bincika da kanku, sannan ku buƙaci bidiyon awon nauyi da na gefen tsabar kafin ku tura ko sisi.